Inna Ta Yi Rawa a Gidan Biki, Baba Ya Ce Ta Warke

Assalamu alaikum Anti. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, ina aure a wani ƙauye kusa da namu a ƙasar Ringim. Mahaifiyata, muna ce mata Inna, ta kusa shekara 50. Bara da kaka aka gano tana da ciwon daji a mama, aka yi mata aiki a Kano aka cire na hagu, yanzu kuma duk bayan sati uku ana kai ta ƙarin ruwan kimo, wato maganin ciwon dajin da ake sa mata ta jijiya. An ce sau shida za a yi, an yi uku. Baba ya sayar da shanun huɗarsa a Gujungu, dangi da maƙwabta kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Tun da aka fara ruwan nan Inna ta zama wata iri. Gashinta ya zube, abinci sai an yi da gaske, ko tsakar gida ba ta fitowa, kullum tana kwance fuskarta na kallon bango. Matar da a da in ana biki a unguwarmu sai ta zo ake kifa ƙwarya.

Kwanan baya aka yi bikin ƙanwata, 'yar ɗakin Umma abokiyar zaman Inna. Ranar kamu mata suna kiɗan ƙwarya, ba mu ankara ba sai ga Inna ta fito tana dafa bango. Ta tsaya, ta fara karkaɗa kafaɗa, har ta shiga fili ta ɗan taka. Mata suka yi ta guɗa, wasu na hawaye. A daren nan ta shanye kunu kofi guda, ta yi barci har asuba. Daga ranar, in Baba ya fita sai Umma ta shiga ɗakinta ta ɗan kaɗa mata ƙwarya.

To kakarmu, mahaifiyar Baba, ta ce an yi abin kunya, wai wadda take tsakanin rai da mutuwa carbi ya kamace ta. A gari kuma ana ta cewa ashe ciwon na ƙarya ne, an dai karɓe wa mutane kuɗi. Ran Baba ya ɓaci, ya hana kiɗan, ya ce tun da har tana iya rawa ai ta samu sauƙi, sauran zuwa Kano a bari sai bayan damina. Inna ta koma ta kwanta. Anti, rawar nan za ta iya cutar da ita? Zunubi muka ɗauka? Kunyar ɗan fari ta hana ni zama mu yi magana da ita sosai. Ki ba ni shawara.

Daga wata baiwar Allah, Jihar Jigawa.

Wa alaikumus salam 'yata. Sannunku da jinya, Allah ya ba ku ladan ɗawainiya, ya tashi kafaɗun Inna.

Tambayoyinki biyu zan amsa su, amma akwai wata magana da kika faɗa a gurguje wadda ta fi su tsaya mini a rai, wato ɗage zuwa Kano sai bayan damina. Ki ajiye batun rawa tukuna, wannan shi ne na gaggawa. Sati ukun da likitoci suke sa wa tsakanin ruwa da ruwa ba don jin daɗinsu ba ne. Maganin yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne yana kashewa, shi ya sa yake haɗawa da gashi da fatar cikin baki da ɓargo mai ƙera jini. Kwana 21 ɗin nan ɓargo ake ba wa ya farfaɗo, sannan a sake bugun ciwon kafin shi ma ya farfaɗo. Aikin da aka yi mata ya cire abin da ido yake gani, ruwan kuma yana farautar ɓurɓushin da ko na'ura ba ta gani. In aka bari sai an yi girbi, wata huɗu ko biyar ke nan aka ba ɓurɓushin nan hutu. Kuma ki duba katin asibitinta, ina kyautata zaton ranar kamun nan ta faɗo ne a cikin sati na uku, lokacin da yawancin masu kimo suke ɗan dawowa hayyacinsu. Wannan sauƙi na gaske ne, amma ba warkewa ba ne. Mutum ɗaya ne yake da ikon ɗage ranar ruwa, shi ne likitanta, bayan ya ga sakamakon gwajin jini.

Kada ki ɗauki Baba a matsayin wanda bai damu ba. Mutumin da ya kora shanun huɗarsa kasuwa saboda matarsa ya riga ya nuna inda zuciyarsa take. Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba shanu, ba kuɗin taki, ga sauran ruwa uku da kuɗin mota da na gwaji, sannan ya fita majalisa ya ji ana yi da gidansa. Da ya ce "ta samu sauƙi", ina ganin abin da yake fata ne ya faɗa, don in ta warke ya huta da neman abin da ba shi da shi. Saboda haka in kika je masa da gardama, za ki taɓa masa inda yake ciwo ne. Ki nemi wadda yake jin nauyinta, gwaggonku ko wani amininsa ko limamin unguwa, ki yi musu bayanin da na yi miki, su same shi a keɓe. A yi masa magana da harshen da ya fi kowa sani: wanda ya yi firi ya ga gona ta yi fes, ya ce ba sai ya yi maimai ba, ya san abin da zai tarar a watan Agusta. In da hali, zuwa na gaba a tafi da shi ya ji daga bakin likita, domin dattawanmu sun fi karɓar irin wannan magana daga mai farar riga a kan daga 'yar da suka haifa.

Kuma kada a je masa da wa'azi kawai, a je da abin da zai rage masa kaya. Mijinki ko surukanki za su iya ara masa shanu na kwana biyu a yi huɗa? Samarin gidanku da na maƙwabta za su iya yi masa gayya? 'Yan'uwanku da suke ci-rani a birni an faɗa musu adadin abin da ya rage, ko dai ana ce musu "jiki da sauƙi" kawai? A manyan asibitocin koyarwa akwai ofishin walwalar marasa lafiya, ki tambayi nas ta nuna miki. Akwai kuma asusun tallafin masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda sankarar mama tana cikin cututtukan da ya ƙunsa, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin waɗanda aka fara da su. Ana shan jira, ba kowa yake dacewa ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

To, ga batun rawa. Amsata a taƙaice ita ce, in an yi ta da lissafi kuma likita ya sani, kwanciyar da Inna take yi dare da rana ta fi rawar nan hatsari nesa ba kusa ba. Mu Hausawa mun ɗauka gatan mara lafiya shi ne a shimfiɗa masa tabarma, a hana shi ɗaga ko tsinke. A zazzaɓin kwana uku hakan daidai ne. A jinyar watanni kuwa, kwanciyar da kanta takan zama ciwo na biyu. A 2007 an yi wani gwaji a Amurka, aka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10, da aka auna su sai aka tarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya zaizaye. Masu lafiya ke nan, a kwana 10. Ki kwatanta da mai kimo da ba ta cin abinci, ta shafe watanni. Tsoka na raguwa, tashi na ƙara wuya, sai a ƙara kwanciya, abin ya yi ta zagayawa. Ga taurin bayan gida, ga rashin barcin dare saboda an wuni a kwance, ga kuma gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafa, wanda masu ciwon daji sun fi sauran mutane saurin kamuwa da shi.

Likitocin wannan fanni sun daɗe da sauya ra'ayi a kan haka. A 2019 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin kwalejin likitancin wasanni ta Amurka, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka fitar da matsaya cewa motsa jiki matsakaici, kamar minti 30 sau uku a sati, yana rage wa masu ciwon daji kasala da fargaba da ƙuncin zuciya, ko suna tsakiyar karɓar magani. Wannan kasalar ta kimo abin mamaki gare ta, barci ba ya kore ta, motsi kaɗan-kaɗan shi yake sassauta ta. A 2025 kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a kan mutum 889 masu ciwon dajin hanji, yawancinsu a Kanada da Ostareliya, waɗanda suka gama tiyata da kimo. Rabi aka haɗa su da mai horarwa suka riƙa motsa jiki tsawon shekara uku, rabi aka ba su takardar nasiha kawai. Bayan shekara 5, kashi 80 cikin 100 na masu motsin suna raye ciwon bai dawo ba, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 74. Ki lura da kyau, na hanji ne ba na mama ba, kuma dukkansu sai da suka kammala maganinsu. Ba a taɓa samun rawar da ta kashe ciwon daji ba, duk wanda ya ce miki haka ki riƙe jakarki. Abin da motsi yake yi shi ne ya riƙe wa jiki ƙarfin da zai jure magani har ƙarshe.

Wani zai ce to ta riƙa tattaki mana, me ya kawo rawa? Wanda ya faɗi haka bai san ƙauye ba. Matar aure mai jinya ba za ta ɗauki mayafi ta riƙa zagaya gari da sunan motsa jiki ba, kuma ko an ce ta zagaya tsakar gida, wa zai ba ta sha'awar? Kun yi watanni kuna lallashinta ta fito ta sha iska, ba ta fito ba. Ƙwarya ta fito da ita a cikin minti kaɗan, ba wanda ya ce mata tashi. Kiɗan da mutum ya tashi da shi tun yana yarinya a dandali yana shiga ƙafa kafin tunani ya ce "ba zan iya ba". A 2015 masu bincike daga Jami'ar Oxford sun gwada 'yan makaranta a Brazil, suka ga waɗanda suka yi rawa tare, taku ɗaya, sun fi jure zafin matsi a hannu bayan rawar, sun kuma fi jin kusanci da junansu. Sun danganta hakan da sinadaran rage raɗaɗi da jiki yake saki da kansa. Yara ne masu lafiya aka gwada, amma duk macen da ta taɓa yin lugude da 'yan'uwanta ta san turmi uku da waƙa ya fi turmi ɗaya a kaɗaice sauƙi.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da na'ura. Tun bara Inna ta daina zama Inna, ta zama "mai jiki". Kowa ya shigo sai ya sassauta murya, ya ce sannu, ya girgiza kai, ya fita yana share ido. Mace ce da aka yanke wa mama, gashinta ya zube, a gidan da take da abokiyar zama. Ko ba ta faɗa ba, kin san abin da hakan yake yi wa zuciyar mace. A filin kamun nan, na ɗan lokaci, mata sun kalle ta a matsayin gwanar da suka sani, suka yi mata guɗa maimakon sannu. Kunun da ta sha da barcin da ta yi daga nan suka fito. Juya fuska ga bango, ƙin abinci da ƙin magana kuwa alamu ne na ciwon damuwa, wanda yake yawan rakiyar irin wannan jinya kuma yana da magani. Ki faɗa wa likita wannan kamar yadda za ki faɗa masa amai. In kuma kika taɓa jin tana cewa gara ta tafi ta huta ku ma ku huta, kada ki ce ai maganar ciwo ce, ki kai maganar asibiti ba tare da jiran ranar ruwa ba.

Sai dai Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Rawar Inna ta yanzu za ta bi kwanakin ruwan ne. Kwana biyu ko uku na farko bayan an dawo daga Kano, lokacin tashin zuciya da jiri, a bar ta ta huta. In ta ji daɗi ta zauna a bakin gado ta yi tafi, ta karkaɗa kafaɗa, ta riƙa buga ƙafa a ƙasa, ya wadatar, wannan ma rawa ce. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 sojojin jini masu yaƙar cuta suke yin ƙasa sosai, ko da a ido ta yi garau. A waɗannan kwanaki ba gidan biki, ba gidan suna, ba ɗaki cike da 'yan dubiya, kuma duk yaron da yake mura ko tari ko ƙyanda a nisanta shi da ita. Umma da ke da mutum ɗaya ko biyu na gida kun isa. Sati na uku shi ne nata, nan za ta iya miƙewa ta taka. A fara da minti biyar, in an kwana lafiya a ƙara kaɗan, har a kai goma ko sha biyar, a huta, in da sha'awa a sake da yamma. Ma'aunin da ya fi sauƙi yana bakinta: muddin tana iya amsa waƙa tana rawa, ba ta wuce gona da iri ba. In haki ya hana ta haɗa magana, a kife ludayi, a zauna.

Yanzu bazara ce, kin san zafin ƙasarku yana haura digiri 40. Da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, ko da sakaliya in inuwa ta rufe tsakar gida, su ne lokutan. A ajiye ruwan sha mai tsabta a kusa, wanda aka tafasa ya huce ya fi. A share wurin, a kawar da turmi da taɓarya da igiyar awaki, ta sa takalmi mara santsi, ta tsaya kusa da bango ko kusa da kafaɗar wani. Wasu daga cikin magungunan kimo suna kashe jin tafin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba ko ya yi tuntuɓe a fili, don haka ki tambaye ta ko ƙafafunta suna yi mata haka. Ba tsalle, ba juyi mai sauri, ba durƙuso a miƙe da gaggawa.

Hannun hagun nan yana son kulawa ta daban. Yawanci in an cire mama ana haɗawa da kaluluwar hamata, wannan yakan sa kafaɗa ta riƙe, wani lokaci hannu ya kumbura. Motsi a hankali yana taimakon duka biyun. Ta fuskanci bango, ta ɗora yatsu, ta riƙa hawa da su sama sannu-sannu har inda ta ji ya ja, ta yi alama da gawayi, bayan sati ta ga ko ta wuce alamar. Ɗaga hannu da ake yi a rawar mata ma yana yin wannan aiki, shi ya sa nake son ta. Amma daka da jan guga da ɗaukar tulu a jira izinin likita. Kada ta sa awarwaro ko zobe mai matsewa a hannun, kuma in ya kumbura, don girman Allah kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko sakiya, asibiti za a kai. A asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano akwai sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ki roƙi likitanta ya tura ku can ko sau ɗaya ne, su nuna muku motsin da ya dace da ita. Wani ƙaramin abu kuma da mata suke jin kunyar tambaya: tela mace za ta iya ɗinka mata ɗan matashi mai laushi da auduga ta sa a rigar mama, in wurin ɗinkin ya warke. Riga takan zauna daidai, mace ta daina tafiya a karkace tana ɓoye ƙirji da mayafi.

Akwai alamomin da in an gani, ba rawa ba, ko jiran gari ya waye ba a yi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai kimo ba na kemis ba ne. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a ɗakinta, in ya kai haka ko tana rawar sanyi, a nemi mota a daren, a faɗa wa duk ma'aikacin da aka tarar cewa tana kan kimo da ranar da aka yi mata na ƙarshe. Haka ciwon ƙirji, numfashi sama-sama tana zaune, bugun zuciya da ya rikice, jinin da ya ƙi tsayawa, ko sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. In kuma wani sabon ciwo ya kafe a ƙashin baya ko ƙugu, musamman mai tashinta da dare, a dakatar da rawar tsaye har likita ya duba ƙashin. Damina na tafe da sauronta, gidan sauro ya zama dole. Ranar ruwa na huɗu ki ce wa likita kai tsaye: "Inna tana son ta riƙa ɗan taka rawa a gida, jininta da zuciyarta da ƙashinta sun yarda?" Kada ki ji kunya, ina tabbatar miki ya ji tambayoyin da suka fi wannan.

Batun zunubi kuwa, ni ba mai ba da fatawa ba ce, kuma kin san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ranar wata Idi Sayyidina Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, ya tsawata musu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ƙyale su. Mata su kaɗai a cikin gidansu, ba maza, ba batsa, ba a tozarta lokacin sallah ba, ga kuma niyyar ƙarfafa mara lafiya, ki kai wa malamin da Baba ya yarda da shi tambayar a haka yadda take. Ban ga inda carbi da tafi suka yi faɗa ba, yini yana da faɗin da zai ɗauke su duka. In kuma gidanku masu tsanani ne a kan ƙwarya, ƙofa ba ta rufe ba. Gaɗa ba ta buƙatar komai sai tafi da murya. Akwai waƙoƙin Islamiyya da yaran gidan suke dawowa da su, akwai bege ga gidan da suke yi. Za ta iya zagaya tsakar gida tana jan tasbihinta na bayan sallah, taku yana bin ƙidaya. Ita kanta sallah ki ƙarfafa mata ta yi a tsaye ranar da take iyawa, a zaune ranar da ba ta iyawa, kamar yadda aka umarci sahabi Imrana ɗan Husaini lokacin da yake jinya.

Kaka ba muguwa ba ce. A zamaninta duk wadda wannan ciwo ya kama, sai dai a yi ta shafe-shafe har rai ya yi halinsa, don haka a ranta ta riga ta fara yi wa surukarta bankwana, tana so ta ga ta cika da kyau. Sannan ga kunyar surukuta, matar ɗanta ta taka rawa a gabanta a bainar mata. Wannan na biyun mai sauƙi ne, kada a sake yi a kan idonta. Na farkon kuma ke ce maganinsa, domin abin da ya hana ki sakewa da Inna bai hana ki da Kaka ba. Jika ce ke, kina da lasisin tsokana. Ki je mata da goro, ki ce kishiya, an ce a zamaninki ba a kai ki gaɗa ba, ashe hassada ce ta sa kika hana. In ta yi dariya ta kai miki duka, sai ki sassauta murya ki gaya mata likita ya ce kwanciya tana cinye ƙafafun Inna. Ki roƙe ta ta riƙa shiga da safe tana yi mata tofi, ki kuma tambaye ta waƙoƙin daɓe da na niƙa da suka yi a da. Tsohuwar da aka ba wa matsayi a cikin abu da wuya ta yaƙe shi.

Mutanen gari kada ki ɓata musu lokaci mai yawa, kuma kada wani ya kuskura ya ce Inna ta buɗe ƙirjinta don a gaskata. Ku zaga gidajen da suka taimaka, ke da gwaggonku, ku yi godiya, ku ce an yi ruwa uku saura uku, likita ya ce a riƙa motsa ta, tashin da kuka ga ta yi albarkacin taimakonku ne. A roƙi liman ya sa a yi mata addu'a bayan sallah. Wanda aka yi wa godiya a kan abu yakan ji nauyin ci gaba da sukarsa.

Umma kuwa ki riƙe ta hannu bibbiyu, irinta ba su da yawa. Tana aurar da 'yarta, tana girkin ɗaki biyu, ta kuma samu sararin kaɗa wa abokiyar zamanta ƙwarya. Amma "in Baba ya fita" ɗin nan ban so shi ba. Ranar da ya dawo ɗaukar fartanya ya ji kiɗa, a kanta za a sauke, har a ce da wata manufa take yi. A dakata, a nemi izininsa a fili da sunan umarnin likita, ko da zai ce a ɗaki kawai kuma ba da ƙarfi ba. Ki ce mata na gode, ki ɗauke mata girki ranar da kika zo.

A duk wasiƙarki na ji ra'ayin Baba, na Kaka, na gari, ban ji wanda ya tambayi Inna me take so ba. Wataƙila rawar take marmari, wataƙila kuma abin da ya faru ya sa ta ji kunya, sai ta ɗauki lokaci. Kada a mayar mata da ita dole kamar ƙwayar magani, ranar da ta ce a'a, a'a ce. Kunyar ɗan fari ba sai kin karya ta ba. Ki aika ƙanwarta ko autarku su yi mata maganar baki, ke kuma ki yi naki da hannu: ki kawo mata sabon ɗankwali, ki zaunar da ɗanki a gabanta ki yi masa tafi yana tsalle, ki yi kamar ba da ita kike ba. Ki bar ƙofar ɗakin a buɗe in kuna hira a tsakar gida.

Ke ma ki kula da kanki. Tun da ciwon ya kama mahaifiyarki kafin ta cika 50, ki gaya wa likitan ke 'yarta ce, ki tambaye shi yaushe ya kamata ke da ƙannenki mata ku fara zuwa a duba ku, nas kuma ta koya miki yadda ake laluba mama bayan an gama al'ada. Yau dai kafin ki kwanta ki duba ranar da aka rubuta a katin Inna, gobe da sassafe ki tafi gidan gwaggonku. Ki rubuto mini abin da likita ya ce, ki gaishe mini da Inna da jiki.